Sanarwar da Ta Fita da Kanta

Litinin, 20 ga Oktoba, 6:40 na safe

Mun dawo jiya da la'asar. Awa tara a kan jar hanya, bayana kamar an daka shi a turmi. Lyndon, mijina, ya fita aiki ko shayi bai sha ba.

Ranar Juma'a aka binne surukina a ƙasarsu ta gado, can arewa, kusa da kabarin mahaifiyarsa. Ba zan rubuta sunansa ba, ko a nan. Dangin mijina ba sa kiran sunan mamaci, ba sa kallon hotonsa, sai ranar da manya suka ce ya isa, ko da za a shekara biyu. Tsoho zan riƙa cewa.

Shekarata goma sha ɗaya da aure a gidan nan. Na san wannan al'ada kamar yadda na san hanyar gidanmu. Ina so ya zama a rubuce cewa na sani.

Litinin, 1:15 na rana, a bayan shago

Mutum uku suka shigo sayen ƙugiya da safen nan, biyu sun yi maganar. Keith mai jirgin kamun kifi ya jingina da kanta ya ce, "Nerida, ke da kike cikin gidan, wane ɗan iska ne ya yi wa surukinki wannan aika-aikar? Ni fa shafin nan nake fara dubawa kafin in kurɓi kofi. Yanzu ko sunansa ba na son ji." Na ce ban sani ba. Ina naɗe masa zare, ya ce zafin nan zai kashe mu kafin ruwa ya sauka.

Ofishin Kaguwa yake nufi. Shafin shaƙiyanci ne a intanet, shekara huɗu yana fitar da sanarwar bogi da sunan ƙungiyar ƙwallon kwandon garinmu, Kaguwar Port Kellan, wadda rabonta da kofi tun ina firamare. Irin su: "SANARWA. Bayan dogon bincike, hukumar ƙungiya ta gano kwandon. Yana nan inda yake tun bara. Ana roƙon 'yan wasanmu su je su gaisa da shi." Mabiya dubu arba'in da ɗoriya. Har 'yan wasan suna karantawa. Marlon, ƙanen mijina, wanda shi ne kyaftin, ya taɓa liƙa wannan ɗin a ƙofar ɗakin canza kaya. Ba wanda ya san mai shafin.

Mutum ɗaya ya sani, shi kuma yana ƙarƙashin ƙasa tun Juma'a.

To, ni ce. Ga shi na rubuta, takarda ba ta yage ba.

Talata, 21 ga Oktoba, 5:50 na safe

Bari in faɗe shi a jere, ko sau ɗaya, ko don kaina ya daina juya shi.

Shekara ashirin Tsoho yana zama a layi na biyu a filin wasa, tawul a kafaɗa, filas na shayi tsakanin ƙafafu, yana yi wa alƙalin wasa ihu. "Kai mai usur! A gida ka bar tabarau ko a mota?" Duk filin ya san muryarsa. A shafin na naɗa shi Babban Likitan Idon Alƙalan Wasa, mutane suka fi son sa a kan 'yan wasan.

Shekara biyu da suka wuce ya kama ni. Ya yi wata ba'a a kan koci muna cin abinci, washegari ta fito a shafin. Ya same ni ina wanke-wanke ya ce, "'Yar rake, zo nan." Haka yake kirana, don iyayena manoman rake ne. Ya ce, "Satar magana a gidana, da cokalina a bakinki?" Na kusa sakin faranti. Ya yi dariya har yana riƙe firji, ya ce ba mai ji, amma daga ranar shi ne edita.

A watan Agusta, a kicin ɗin Mama Verna, matarsa, ya saka tsohuwar rigar wasan Marlon wadda ko cibiyarsa ba ta rufe ba, ya rungumi ƙwallo, na ɗauke shi hoto. Shi ya faɗa, ni na rubuta: "SANARWA. Kaguwa ta ɗauki sabon ɗan wasa mai shekara saba'in da biyu, kwantiragin shekara uku. Likita ya ce gwiwoyinsa sun fi na rabin ƙungiyar. Ya ce a faɗa wa alƙalan wasa ba inda za shi." Da cikakken sunansa a sama. Ya ce in saita ta ta fita da kanta ranar haihuwarsa, 16 ga Oktoba, ƙarfe tara na safe, don ya ga fuskar Marlon. Na saita, na manta.

Ranar 2 ga Oktoba zuciyarsa ta tsaya yana ba mangwaro ruwa. Washegari na kulle kaina a ɗaki na bi shafin tun daga farko, na cire duk inda hotonsa ko sunansa yake. Guda sittin da uku. Ina cirewa ina kuka, ina kuma jin daɗin cewa na yi abin da ya kamata. Waɗanda aka saita ba a nan suke zama ba, wani lungu ne daban. Ban leƙa lungun ba.

Ranar 16 muna can ƙasarsu, babu sabis ko na rantsuwa, ina yanka albasar mutum ɗari biyu. Sanarwar ta fita da kanta, kwana uku tana tsaye, dubban mutane suna turawa. Ba inda za shi. Ana gobe za a binne shi.

Laraba, 22 ga Oktoba, 12:30 na rana

Abin da ban rubuta ba jiya.

Ranar Lahadi a hanyar dawowa, motocinmu goma sha biyu suka tsaya a gidan man da sabis ke fara kamawa. Wayoyi suka ɗauki kuka gaba ɗaya. Na ga Marlon ya kalli tasa ya zauna a ƙasa, a kan tsakuwa, ƙato kamarsa. Na duba tawa. Na shiga banɗaki na goge sanarwar, 11:52.

Da na fito, Gwaggo Delphine, ƙanwar Tsoho, tana tsaye tsakiyar fili da wayar wani a hannu, ta rufe fuskar Tsoho a hoton da babban yatsa. Ta ce, "Wannan labulen Verna ne. Wannan firjin Verna ne. Wanda ya ɗauki hoton nan ya ci abinci a gidanmu. Kuma yanzun nan aka goge shi, ina kallo. Wa ke riƙe da waya?"

Wallahi kowa na riƙe da waya. Amma daidai lokacin Tegan ta fito daga bayan tankin ruwa da tata a kunne, ta je kiran mahaifiyarta ne. Tegan faccalata ce, matar Marlon, baturiya 'yar Adelaide, shekararta uku a gidan. Ita ce ko abinci aka ajiye mata sai ta ɗauke shi hoto kafin ta ci. Gwaggo ta kafa mata ido, kowa ya bi da ido.

Tegan ta ce, "Me? Me na yi?"

Hannun Lyndon na kan kafaɗata. Na buɗe baki. Na ji nauyin hannun, na rufe.

Alhamis, 23 ga Oktoba, 7:00 na safe

Gobe zan faɗa.

Juma'a, 24 ga Oktoba, 5:20 na yamma

Gidan Mama Verna cike yake har yanzu, masu gaisuwa daga ko'ina. Mata na kicin, shinkafa da naman gwangwani a babbar tukunya, wani ya kawo kaguwa cikin bokiti. Tegan ta zo da jaririyarta a kafaɗa da faranti rufe da tsumma. Gwaggo ta tare ƙofa da jikinta.

"Kicin ya cika."

"Gwaggo, biredi na kawo wa Mama."

"Ajiye a baranda. Ko sai kin ɗauke shi hoto tukuna?"

Wata ta yi dariya a ciki. Tegan ta ajiye farantin ta koma mota ta zauna, ba ta tayar ba, ba ta fito ba, ga rana kamar wuta. Na kasa jurewa. Na haɗa shayi a kofina na kai mata.

A kicin ɗin nan kowane ɗan gida yana da kofinsa a ƙusa. Tsoho ne ke saya wa mutum idan ya ga ya zauna daram. Nawa shuɗi ne da hoton kaguwa, sai da na shekara biyar na samu. Tegan ba ta kai ga nata ba.

Ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Nerida, ke kaɗai ce mutum a gidan nan." Na ce ta sha tun da zafi. Na shafa kan jaririyar. Na ce komai zai wuce. Ni, da bakin nan nawa.

Da zan tafi na leƙa Mama a ɗaki. Tun rasuwar ba ta cika magana ba. Ta ɗago ta ce, "Ya shago? Ba labari?" Na ce ba labari, Mama.

Asabar, 25 ga Oktoba, 6:10 na yamma

Wasan rana a gida. An shimfiɗa tawul a kujerarsa, ba wanda ya zauna kusa. Alƙalin wasa ya busa wani abin banza a zagaye na biyu, filin ya yi tsit, kowa na jiran muryar.

Marlon ya jefa goma sha huɗu, ɗaya ya shiga. An ci mu da ashirin da shida. Abin da ya fi ba ni haushi, ina zaune kaina yana ta rubuta sanarwa da kansa. "Kyaftin ya musanta cewa akwai gaba tsakaninsa da kwando." Ta zo mini cif, da waƙafi da aya. Wace irin mace ce ni?

Tegan ba ta zo ba.

Litinin, 27 ga Oktoba, 6:30 na safe

Lyndon yana ɗaure takalmi ya ce, "Kin san abin da ya fi cin raina? Ina son shafin nan. Guda nawa na karanta miki kina goge baki?" Na ce da yawa. Ya ce, "Baba ma yana so. Kuma mutumin ya san al'ada, Neri. Washegarin rasuwa ya cire hotunan Baba kaf, na duba, har na ce wannan ɗan halak ne. Sai ya jira ana gobe jana'iza ya saki wannan. Wanda bai sani ba ka yi masa uzuri. Wannan ya sani."

Na ce wataƙila kuskure ne.

Ya ce, "Kuskure yana da baki. Da kuskure ne da tuni ya zo ya durƙusa gaban Mama."

Na ce kai kana ganin Tegan ce? Ya ɗaga kafaɗa, ya ce shi dai ya san ba ni ba ce, ba shi ba ne. Ya sumbaci goshina ya fita.

Na koma wurin wanke-wanke.

Talata, 28 ga Oktoba, 1:00 na rana

Keith ya ce "shafi" yana nufin shafin jadawalin igiyar ruwa, na zubar da akwatin ƙugiyoyi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Mama: "Ba labari?" Ba labari, Mama.

Alhamis, 30 ga Oktoba, 4:45 na yamma

Tegan ta kai wa Gwaggo wayarta da kanta, a buɗe, ta ce a bincika duk abin da ake so. Gwaggo ta ba 'yarta, suka bi ta ciki da waje, ba su ga komai ba. Gwaggo ta ce, "Mai wayo ai waya biyu gare shi." Kuma ta riƙe wayar, ta ce sai Lahadi.

Na samu dabara. Ranar Asabar za a yi cin abincin dangi, Tegan za ta kasance a gaban kowa, wayarta na jakar Gwaggo. In shafin ya yi magana a lokacin, ai shi ke nan, an wanke ta. Ni kuma ba sai na... to.

Na ji sauƙi har na ci abinci sosai yau. Wannan ma ina so ya zama a rubuce.

Asabar, 1 ga Nuwamba, 5:30 na yamma

Na yi. Ƙarfe ɗaya da kwata, daga banɗakin Mama, banɗaki dai kullum. Na rubuta cewa mai shafin yana neman gafarar iyalin, kuskure ne ba ganganci ba, kuma matar da ake zargi ba ta da hannu ko kaɗan. Shafin ya rufe daga yau.

Na fito na zauna a ƙarƙashin mangwaro. Minti biyar wayoyi suka fara. Tegan na can ƙarshen tebur ita kaɗai tana ba 'yarta ayaba, hannuwanta duka biyu a fili. Marlon ya karanta da ƙarfi, ya ce, "Kun gani? Kun gani? Ga ta nan zaune!"

Gwaggo ta ci gaba da ɓare kaguwarta. Ta ce, "Marlon, ba kai ka ce mana mutanen ofishin ƙungiyarku sun ce wancan na hoton saita shi aka yi tun da wuri ya fita da kansa ba?"

"Haka suka ce."

"To wannan fa, uwarsa daban?" Ta tsotse ƙafar kaguwa. "Kuma duk duniya a rasa wanda shafin zai wanke sai ita? Yaro, ba yau aka haife ni ba."

Na ga fuskar Marlon ta sauya. Da ma bai yarda da Gwaggo ba, sai yau. Ya juya ya kalli matarsa wani irin kallo. Tegan ta ga kallon. Ta goge bakin 'yarta, ta ɗauke ta, ta fita ta ƙofar gefe, ko takalmin yarinyar ba ta tsaya ɗauka ba.

Na je ceto na ƙara danna kanta cikin ruwa. Mama Verna tana kujerarta a baranda, ba ta kalli waya ba, ba ta kalli Tegan ba. Ni take kallo.

Lahadi, 2 ga Nuwamba, 8:00 na safe

Wata ɗaya cif da rasuwar Tsoho. Jemagu sun fara cin mangwaronsa.

Talata, 4 ga Nuwamba, 2:20 na rana

Marlon ya shigo shago, sai da ya sunkuya ya wuce ƙofa. Bai sayi komai ba, ya tsaya yana juya sandar kamun kifi. Ya ce koci ya ajiye shi a benci, wai ya huta. Sannan ya ce, "Yaya Neri, ta sayi tikiti. Lahadi da safe, ita da yarinyar. Hanya ɗaya."

Na ce ya hana ta.

"Da wane baki? Na tambaye ta, Yaya. Ranar Asabar da muka koma na kalli matata na ce, ke ce? Ba ta yi ihu ba, ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, na gode da ka tambaya da baki, sauran da ido suka yi." Ya mayar da sandar. "Ke tana jin maganarki. Ta ce ke kaɗai kika tsaya mata. Ki je ki yi mata magana, don Allah."

Na ce zan je.

Kwana biyar.

Laraba, 5 ga Nuwamba, 7:10 na safe

Idan ta tafi, magana ta mutu. Ba wanda zai sake tono ta. Na yi wannan tunanin, na daɗe a cikinsa, har da ɗan daɗi-daɗi. Ba zan goge layin nan ba.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, 12:50 na rana

Yau haushinsa nake ji. Kai Tsoho, kai ka saka rigar, kai ka ce ba inda za ka, kai ka zaɓi ranar. Ka yi tafiyarka ka bar ni babu edita. Da kana nan da ka yi dariya ka ce wa Gwaggo, Delphine rufe mana baki, ni na rubuta. Minti ɗaya an gama.

Amma ba kai ka tsaya a gidan mai ka yi shiru ba. Ba kai ka kai shayi ba.

Tsoro nake ji, shi ke nan gaskiyar. Ina tsoron Lyndon ya janye hannunsa daga kafaɗata. Ina tsoron baranda. Shekara biyar na yi kafin a rataya mini kofi, na ga yadda ake cire mutum cikin minti ɗaya, ba na so. Sai na bar wata a barandar a madadina.

Mama da safe, da na kai mata magani: "Ba labari?" Na ce sai gobe, Mama. Ta ce, "To."

Juma'a, 7 ga Nuwamba, 4:00 na yamma

Ban je shago ba. Na same ta ita kaɗai a baranda tana tsince mangwaron da jemagu suka rage. Ban zauna a kujera ba, a ƙasa na zauna. Na faɗa mata duka, tun daga wanke-wanke har banɗakin gidan mai. Ban yi kuka ba sai da na zo kan shayin.

Ta gama share mangwaron da ke hannunta. Ta ce, "Mutumin nan bai taɓa riƙe sirri ya kwana ba. Ranar da ya kama ki, kafin mu kwanta ya faɗa mini, yana dariya har da tari. Ya sa na yi alkawari ba zan nuna na sani ba. Ranar hoton ma ina ɗaki, ina jin ku. Wa kike tsammani ya nemo masa rigar?"

Na ce, Mama, kin sani? Tun a gidan mai?

"Me nake tambayarki kullum? Labarin ƙugiya?"

Na kasa ɗaga kai.

Ta ce, "Hoton nan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Na gan shi ban shirya ba, yana dariya a kicin ɗina. Amma aikinsa ne, na san hannunsa, kuma na san mantuwa. Wannan na yafe tun a hanya. Kwana goma sha tara fa? Su ba nawa ba ne, ba ni zan yafe su ba."

Ta ajiye mangwaron. Ta ce, "Ni ma ina da kasona. Na ce wa Delphine ba yarinyar ba ce. Ta ce to wace ce? Na ja bakina. Na ce gobe Nerida za ta zo da ƙafarta, kar in kunyata ta. Kullum gobe. Ke na zaɓa a kanta, don ke na fi sabo da ke. Ina zaune a nan aka hana uwar jikata shiga kicin ɗina." Ta share ido da bayan hannu. "Kira mini Delphine. Ki tsaya, da bakinki za ta ji."

Gwaggo ta zo, ta ji. Na shirya wa zagi, ban samu ba. Ta zauna a matakala ta ce, "Ni na ce mata ta ajiye biredi a baranda." Sau biyu ta faɗa. Ba ta kalle ni ba har na tafi.

Juma'a, 6:30 na yamma

Lyndon ya saurara har ƙarshe, yana tsaye da kayan aiki a jikinsa. Tambaya ɗaya ya yi. "Ranar da na ce na san ba ke ba ce, me kika ji?" Ya ɗauki makullin mota ya ce zai je wurin Marlon, ƙanensa bai kamata ya ji a bakin Gwaggo ba. Ya ce in bar Tegan sai da safe, kuma ni kaɗai zan je. Ya fita.

Ban sani ba ko zai dawo yau.

Asabar, 8 ga Nuwamba, 10:15 na safe, a mota

Akwatuna biyu a bakin ƙofarta, da kujerar jaririya. Ta buɗe da yarinyar a kwankwaso, idanunta sun kumbura. Marlon ya riga ya faɗa mata, amma ta ce in faɗa, tana son ji. Na faɗa, a tsaye a kan matakala, ba ta ce in shigo ba.

Da na gama ta ce, "Hoton bai dame ni ba, ƙa'idar gidanku ce, ku kuka san ta. Gwaggo ma na gane ta, ɗan'uwanta ta rasa. Kin san me nake faɗa wa mahaifiyata kullum a waya? Ina ce mata kar ta damu, ina da Nerida."

Na ce ki yafe mini.

"Kin shafa kan 'yata."

Na ce kar ta tafi saboda ni. Na ce Mama na son ganinta, Gwaggo ma za ta zo da ƙafarta. Ta ce su zo, za ta saurare su, tikitin kuma yana nan, ita da mijinta za su yi maganarsa, ba ni ba. Ta ce, "Jira."

Ta shiga ciki. Na ji motsin kwanuka, zuciyata ta ɗan ɗaga, na ɗauka ruwa za ta ɗora mana. Ta dawo ta miƙo mini shi ta kan kafaɗar yarinyar, shuɗi, da hoton kaguwa.

"Kofinki. Na so in kawo miki da kaina in yi godiya, ban samu shiga kicin ɗin ba."

Ta rufe ƙofa a hankali, don kar yarinyar ta firgita.

Yana nan a kujerar gefena. Ta ma wanke shi.